Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Masoya Warhammer Ke Kuka da Kamfanin da Ba Sa Iya Rabuwa da Shi?

Wasiƙu uku ne suka haɗu a kan batu guda a wannan watan, wato wasan sojojin roba na Warhammer, don haka muka ba su filin gaba ɗaya. Mun taƙaita su kaɗan saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune da iyalina a birnin Leicester na Ingila. Ɗana mai shekara 13 ya shiga wani kulob a makarantarsu inda suke harhaɗa 'yan ƙananan sojoji na roba, su yi musu fenti, su jera su a kan tebur suna gwabza yaƙi da su, kuma yanzu ya matsa mini in saya masa nasa. Da na bincika labarin kamfanin da ke yin su, wato Games Workshop, sai na tarar da abin da ya ɗaure mini kai: mutanen da suka shafe shekara 20 suna sayen kayansa su ne suka fi kowa sukarsa, kuma ba su daina saye ba. Shin kamfanin ne ba shi da kirki, ko kuwa mutanen ne ba su da godiya?
Daga wani mahaifi a Leicester.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya raya mana yaron, ya yi masa albarka. Abin da ka gani haka yake, kuma ruwa ba ya tsami banza. Sai dai ba za a fahimci kukan waɗannan mutane ba sai an san irin aikin da suke zubawa a cikin abin, don haka bari in fara daga nan, musamman saboda masu karatunmu da ba su taɓa ganin wasan ba.

Wanda ya sayi akwatin Warhammer ba ya samun sojan da aka kammala. Abin da zai tarar a ciki shi ne firam na roba mai launin toka, wanda kawuna da hannaye da ƙafafu da makamai ke manne a jikinsa, kuma shi ne zai yanko su ɗaya bayan ɗaya da 'yar filaya, ya kankare gefensu, ya liƙa su da gam, sannan ya zauna da burushi mai tsini kamar allura yana yi musu fenti. Tsayin soja guda bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, amma yana iya cin awa ɗaya ko fiye kafin ya yi kyan gani, kuma rundunar da ake shiga cikakken wasa da ita na iya kaiwa sojoji 50 ko ma 100, gwargwadon ƙabilar da mutum ya zaɓa daga cikin ɓangarorin da ke yaƙi da juna a labarin wasan, ban da tankoki da dodanni. Ranar wasa, mutum biyu su jera rundunoninsu a kan tebur da aka ƙawata da kangaye da duwatsu, su auna tafiyar kowane soja da tef na inci irin na tela, su jefa ƙwayoyi masu fuska shida irin na lido domin a san ko harbi ya samu ko ya kuskure. Wasa guda yakan ɗauki awa biyu zuwa uku. Saboda haka rundunar da ka gani a kan tebur, watanni ne na daren mutum da ƙarshen makonsa, wani lokacin ma shekaru.

Kamfanin kansa ya fara ne da ƙaramin ƙarfi. Abokai uku, John Peake da Ian Livingstone da Steve Jackson, suka kafa shi a Landan a 1975, suna yin allunan wasa na katako, daga baya suka zama dillalan wasan Dungeons & Dragons na Amurka. Sun fara buga mujallarsu, White Dwarf, a 1977, wadda har yau tana fitowa, suka buɗe shagon farko a unguwar Hammersmith a 1978. Wasan Warhammer na farko, mai takubba da dawakai da matsafa, ya fito a 1983, sai Warhammer 40,000 ya biyo baya a 1987, wanda Rick Priestley ya rubuta, ya kai yaƙin sararin samaniya, kuma shi ne ya zama ginshiƙin kamfanin. A 1994 aka shigar da shi kasuwar hannun jari ta Landan. Yau hedikwatarsa da masana'antarsa suna birnin Nottingham, tafiyar da ba ta da nisa daga inda kake, yana da shaguna sama da 500 a duniya, kuma a watan Disamba na 2024 ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar Landan. Wannan tafiya daga shagon masu sha'awa zuwa kamfanin masu hannun jari ita ce tushen rabin gardamar, domin tsofaffin 'yan wasa suna tuna lokacin da suke jin masu kamfanin 'yan'uwansu ne.

Abin da ake yaba musu a kai, ko masu sukar ba sa musunsa. Ƙirar robarsu tana cikin mafi kyau a wannan fanni, guntaye suna shiga juna daidai, kuma idan an samu matsala a akwati, an san sashen kula da abokan cinikinsu da saurin maye gurbi. Labarin duniyar da suka gina ma ya yi zurfi ƙwarai, har suna da ɗab'insu, Black Library, mai ɗaruruwan littattafai. Akwai kuma abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci ga ɗan wasa, wato samun abokin karawa. Duk garin da mutum ya sauka a Turai ko Amurka, da wuya ya rasa wanda ke buga Warhammer 40,000, alhali wasu wasannin da ƙila sun fi shi tsarin dokoki sukan mutu a gari saboda rashin mutum na biyu. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa masu kukan ba sa tafiya.

Kuka na farko, wanda ya fi kowanne ƙara, shi ne tsada. Kusan kowace shekara ana ƙara farashi, cikakkiyar runduna tana cin ɗaruruwan fam kafin a zo maganar fenti da littattafai, kuma sau da yawa kwamanda guda ɗaya tak yana cin fiye da rabin kuɗin akwatin sojoji goma, domin darajarsa a fagen wasa ake sayarwa, ba nauyin robarsa ba. Masu kare kamfanin suna cewa mazubin ƙarfe da ake zuba robar a ciki yana da tsada sosai, kuma kamfanin ya zaɓi ya ci gaba da ƙera yawancin sojojinsa a Ingila yana biyan albashin Ingila, maimakon ya kai aikin inda hannu ke da araha. Wannan gaskiya ne. Masu suka su kuma sai su buɗe rahoton kamfanin na shekarar da ta ƙare a farkon watan Yuni na 2025, inda kuɗin shiga ya kai fam miliyan 617.5, riba kafin haraji ta kai fam miliyan 262.8, wato sama da fam 40 a cikin kowane fam 100, su ce wanda ke samun irin wannan riba ba tilas ce ta sa shi ƙarin farashi ba. Wannan ma gaskiya ne. 'Yan Ostareliya da New Zealand suna da nasu ƙarin ƙorafin, domin sun daɗe suna biyan fiye da abin da canjin kuɗi zai nuna. A ganina dai, duk da ƙarar da yake yi, kukan tsada shi ne mafi sauƙi a cikin koke-koken, domin farashi a rubuce yake a jikin akwati, mutum yana ganinsa kafin ya sa hannu a aljihu. Su kansu 'yan wasan suna da sunan da suke kiran tarin akwatunan da suka saya ba su taɓa ba, suna ce masa tulin abin kunya, kuma masu gaskiya a cikinsu sukan yarda cewa rabin abin da suka kashe, son zuciya ne ya kashe shi.

Kuka na biyu ya fi wannan nauyi, wato yawan sauya dokoki. An fitar da bugu na 8 na Warhammer 40,000 a 2017, na 9 a 2020, na 10 a 2023, kuma kowace ƙabila tana da littafinta na dokoki wanda sai an saya. Wanda littafin ƙabilarsa ya fito a ƙarshen zango zai iya ganin ya tashi aiki cikin 'yan watanni. A nan ra'ayi ya rabu biyu sosai. 'Yan gasa suna son gyare-gyaren da ake yi akai-akai, domin suna hana ƙabila guda ta mamaye kowa, amma magidancin da ke samun damar wasa sau ɗaya a wata yakan ji cewa kafin ya haddace doka an riga an canza ta. Adalci ne a faɗa cewa a bugu na 10 kamfanin ya saki ainihin dokokin wasan kyauta a intanet.

Kuka na uku shi ne wanda nake ganin yana da cikakkiyar hujja, kuma shi ne ke sa babban mutum ya yi magana da ɗacin rai a kan sojan roba. A 2015 kamfanin ya kawo ƙarshen tsohon wasan Warhammer wanda aka shafe shekara 32 ana bugawa. A cikin labarin an hallaka duniyar gaba ɗayanta, aka maye gurbinta da sabon wasa mai suna Age of Sigmar, wanda ya fito da dokoki masu shafi huɗu kacal, babu ma tsarin maki da za a daidaita ƙarfin rundunoni biyu da shi, sai a 2016 aka ƙara shi. Rundunoni biyu, Bretonnia da Tomb Kings, an daina yin su baki ɗaya. Akwai wanda baƙin ciki ya sa ya cinna wa rundunarsa wuta ya ɗora bidiyon a intanet, wasu suka koma wasan Kings of War na kamfanin Mantic, wasu kuma suka haɗu suka rubuta nasu dokokin suka kira su The 9th Age. Kamfanin yana da dalilinsa, domin tsohon wasan yana buƙatar sojoji masu yawan gaske kafin a fara, abin da ke korar sababbin shiga, kuma Age of Sigmar daga baya ya tsaya da ƙafafunsa ya samu masoyansa na haƙiƙa. A watan Janairu na 2024 ma an dawo da tsohuwar duniyar da sunan The Old World, kuma da waɗancan rundunoni biyun da aka jingine aka buɗe ta. Amma a 2024 ɗin dai aka sanar da janye wasu sojojin Age of Sigmar da ba su wuce shekara shida da fitowa ba, sai tsohon miki ya sake buɗewa.

Ka duba abin da kyau, Malam. Wanda ya sayi takalmi ya tsufa ba ya jin an ci amanarsa. Amma wanda ya zauna dare da rana yana fenti, ya raɗa wa kwamandansa suna, ya tuna ranar da wannan sojan ya tsare masa gada shi kaɗai, ya zuba wani ɓangare na rayuwarsa a cikin abin, sai ya ji shi ma yana da haƙƙi a kansa. Roba tasa ce, aikin nasa ne, amma dokar da ke ba robar rai tana hannun kamfani, kuma kamfani na iya janye ta da sanarwa guda. Ƙaunar da fushin daga wuri ɗaya suke fitowa. Mutanen ba marasa godiya ba ne, kuma kamfanin ba maƙaryaci ba ne a kan abin da yake sayarwa, sai dai ya sha yin sakaci da nauyin wannan haƙƙi da abokan cinikinsa ke ji.

Akwai lokacin da sakacin ya kai ƙarshe. A rahoton shekara na 2014, shugaban kamfanin na lokacin, Tom Kirby, ya rubuta ƙarara cewa ba sa binciken kasuwa kuma ba sa tambayar masu saye abin da suke so, maganar da har yau ana tuna ta. Bayan Kevin Rountree ya karɓi ragama a 2015 an ga canji a fili, inda kamfanin ya dawo yana magana da jama'a a intanet, ya riƙa fitar da bidiyon koyar da fenti kyauta, ya kuma fito da ƙananan wasanni da akwatunan farawa masu sauƙi. Yawancin tsofaffin hannu sun yarda cewa an samu gyara, ko da sun ce tsugune ba ta ƙare ba.

Shawarata ita ce ka saya masa, amma kaɗan. Ku je shagon tare, domin ma'aikatansu sukan koya wa sabon shiga fenti da wasan gwaji ba tare da an biya ba. Ka fara da ƙaramin akwati guda, ko ƙaramin wasa irin Kill Team da ake bugawa da sojoji kusan goma, ka kuma kafa masa sharaɗi cewa ba za a sayi na biyu ba sai ya gama fentin na farko. Shagunan 'yan kasuwa masu zaman kansu sukan sayar da ragi, kuma sojojin hannu suna da yawa a kasuwa. Ka sa ido a kan wuƙar kankara da gam. Yaron da ya iya zama awa biyu yana bin layin sulke da burushi, ya karanta dokoki ya lissafa maki, ya sha kaye a gaban abokinsa ya miƙa masa hannu, ya samu abin da wayar hannu ba za ta ba shi ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Kaduna, kuma ta wasan bidiyo na Space Marine 2 na san Warhammer. Na ji ana cewa kamfanin yana kai masoyansa kotu. Gaskiya ne? Kuma tunda kayan sun fi ƙarfin aljihuna, laifi ne in buga nawa da firintar 3D?
Daga wani ɗalibi a Kaduna.

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Kai ɗaya ne daga cikin ɗimbin mutanen da wannan wasan na 2024 ya jawo, kuma wasu za su biyo ku idan finafinan da kamfanin ya ƙulla yarjejeniyarsu da Amazon, tare da jarumin fim Henry Cavill, suka fito.

Maganar kotu tana da asali, sai dai an fi yi da 'yan kasuwa, ba da mai fenti a ɗakinsa ba. Shari'ar da ta fi shahara ita ce wadda kamfanin ya shigar a Amurka a 2010 a kan Chapterhouse Studios, wani ƙaramin kamfani da ke ƙera guntayen da ke shiga jikin sojojin Warhammer. Hukuncin 2013 ya rabu, kowane ɓangare ya ci wasu batutuwa ya faɗi wasu. Bayan haka aka ga sunaye na gama-gari na ƙabilun wasan suna ɓacewa, Imperial Guard ta koma Astra Militarum, Eldar ta koma Aeldari, kuma aka riƙa cire duk mayaƙin da ba shi da mutum-mutumin da kamfanin ke sayarwa daga littattafan dokoki. Da yawa suna danganta wannan da waccan shari'a, kuma masu son ƙirƙira da hannunsu sun ji zafin abin. Sai kuma 2021, lokacin da kamfanin ya sabunta ƙa'idojinsa ya haramta finafinan zane da masoya ke yi, daidai lokacin da yake shirin buɗe tasharsa ta biyan kuɗi, Warhammer+. Wasu masu zanen an ɗauke su aiki, wasu suka rufe tashoshinsu, aka yi kiran ƙaurace wa kayan kamfanin, wasu suka koma wasan BattleTech. Ra'ayina shi ne kamfani yana da ikon kare haƙƙin mallakarsa, domin shi ne jarinsa, amma waɗancan masu zanen talla suke yi masa kyauta saboda ƙauna, kuma an iya bi da su da lalama fiye da haka.

Game da firinta, ka rarrabe abu biyu. Kwafar ƙirar kamfanin kai tsaye, ko sayen jabun da aka kwafa, cin haƙƙin masu sassaƙa ne, kuma ba zan ba ka shawararsa ba. Amma akwai masu zane masu zaman kansu da ke sayar da nasu ƙirar ta halal, akwai kuma dokoki irin na One Page Rules da ake samu kyauta kuma ba su damu da wanda ya ƙera sojanka ba. Ka dai sani cewa gasar da kamfanin ke shiryawa da kansa ba ta karɓar sojan da ba nasa ba, kuma ruwan rezin da firintar ke aiki da shi yana cutar da fata da numfashi, sai da safar hannu da ɗaki mai iska, ga shi bugu ɗaya yana son wutar lantarki ta sa'o'i ba yankewa. Kafin ka kashe ko sisi, ka nemi aboki guda da zai zauna da kai, ku yanka kwali ku rubuta sunayen mayaƙa, ku ari ƙwayoyin lido ku gwada. Idan wasan ya kama ku a haka, sai a yi maganar sauran.

TAMBAYA: Malam, na ga ana jefa ƙwaya a wasan nan, na kuma ga siffofin aljanu a jikin akwatunan. Caca ce? Kuma ya dace da yara?
Daga wata uwa a Birmingham.

AMSA: Hajiya, babu sa kuɗi a cikin dokokin wasan, kuma wanda ya ci ba ya ɗaukar komai na abokin karawarsa. Aikin ƙwayar shi ne yanke ko hari ya yi nasara, sauran kuwa dabara ce ta inda aka tsayar da soja da wurin da aka riƙe. Amma damuwarki game da siffofin tana kan hanya, domin labarin Warhammer 40,000 mai duhu ne da gangan, akwai aljanu da gumakan ɓarna guda huɗu, akwai kuma daular 'yan Adam mai zalunci da ke bauta wa sarkinta. Kamfanin da kansa ya fitar da sanarwa a watan Nuwamba na 2021 cewa wannan daula gargaɗi ce, ba abin koyi ba, kuma ba ya maraba da masu aƙidar ƙiyayya. Hukuncin addini a kan mutum-mutumi da wasan ƙwaya kuwa na malamai ne, kuma ya kamata ki kai wa malaminku akwatin ya gani da idonsa kafin ya yi magana.

Idan aljanun ne kaɗai matsalar, akwai wasannin tarihi masu irin wannan aikin hannu. A yankin Nottingham ɗin dai, tsofaffin ma'aikatan Games Workshop sun kafa nasu kamfanonin, kamar Warlord Games mai wasan Yaƙin Duniya na Biyu da ake kira Bolt Action, da tagwayen nan Alan da Michael Perry, waɗanda cikin abin da suke sassaƙawa har da mayaƙan Ansar na Mahdin Sudan na shekarun 1880, da jibbarsu mai faci da masu da takubba. Waɗannan sukan fi araha nesa ba kusa ba, kuma yaro zai tashi daga teburin yana tambayar inda Khartoum take da abin da ya faru a can a 1885.